Wa'azin Da Ba Ya Bukatar Lasifika

Ran da zan bar gida in tafi kama aikin gwamnati, mahaifina ya rako ni tashar mota da ƙafa. Shi dai manomi ne, kuma dattijo a ƙaramar ikilisiyar ƙauyenmu, karatunsa bai wuce ya bi Littafi Mai Tsarki na Hausa da ɗan yatsa ba. Na yi tsammanin zai yi mini doguwar nasiha irin ta iyaye, amma har yaran mota suka gama ɗaure kaya bai ce uffan ba. Sai da na sa ƙafa zan shiga, sa'an nan ya riƙo hannuna ya ce, "Ɗana, ba a tambayar manomi ko ya iya noma. Kunyarsa ake dubawa." Na ce, "To, Baba." Mota ta tashi, ni kuwa ina ta dariya a zuci, ina cewa tsoho bai san daga yau ni da fartanya mun yi ban kwana ba. Sai da na shekara biyu a ofis kafin in gane cewa teburin da aka ba ni shi ne kunyar da yake nufi, kuma duk wanda ya shigo ofishin nan dubawa yake yi.

Abin da nake so in faɗa wa 'yan'uwana ɗalibai Kiristoci, da waɗanda suka fita suka kama aiki, ba shi da wuyar ganewa, aikatawa ce wuyar. Bisharar nan da muke ɗokin yaɗawa, daga ɗakin jarrabawa da teburin ofis take fara fita kafin ta fita daga bakinmu. Kuma ba wanda zai iya tsayawa kan gaskiya a waɗannan wurare biyu sai wanda ya dogara ga Allah da gaske, har ya yarda cewa abincinsa na gobe ba a hannun shugaban ofis yake ba. Watau dogara ga Allah da shaidar bishara Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, in ɗaya ya faɗi ɗayan ma ya faɗi. Na san mujallar nan ta kowa da kowa ce, saboda haka ina roƙon 'yan'uwana Musulmi kada su tsallake shafin nan. Su karanta su yi mana alƙalanci, gama su ne suke zaune da mu a aji ɗaya da ofis ɗaya, sun kuwa fi fastocinmu sanin halinmu.

Duk wanda ya zauna a jami'a ya san ba mu da ƙarancin himma. Akwai addu'ar asuba, akwai kwanan addu'a, akwai taron farkawa, ga takardun gayyata an manna a kowane bango. In makon bishara ya zo, sai a ɗaura lasifika a kan bishiya, har wanda yake kwance a asibitin makaranta ya ji. Ban raina wannan ba ko kaɗan, ni ma na yi, na kuma amfana. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Sau nawa aka kama ɗalibi da satar amsa a cikin safa, aka duba aka ga shi ne mai ba da waƙa a zumunta? Sau nawa ma'ajin wata ƙungiyar ɗalibai ya kasa kawo lissafin kuɗin da aka damƙa masa, alhali da addu'a yake buɗe kowane taro? Abokin ɗakinsa da ya ga wannan, me lasifikar nan za ta ƙara gaya masa? Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mutumin da ya gan ka kana cuta ranar Laraba ya riga ya toshe kunnensa ga abin da za ka faɗa ranar Lahadi, alhakin toshewar nan kuwa a wuyanka yake.

Kada mai karatu ya ɗauka wani tsarkakakke ne yake magana, bari in ba da labarin kaina. A shekarata ta biyu a wata ma'aikata, aka tura ni in duba rijiyoyin burtsatse da wani ɗan kwangila ya ce ya gama haƙawa a wasu ƙauyuka, in sa hannu a takardar shaidar kammala aiki domin a biya shi. Muka yi kwana biyu muna zagayawa da direba. A takarda rijiya shida ce. Uku suna ba da ruwa. Biyu an kafa famfo, amma ko ka yini kana bugawa ba ɗigo. Ta shida kuwa allon suna kaɗai muka tarar, ga mata can suna dawowa daga rafi da tuluna a kai. Da muka komo, kafin in zauna in rubuta rahoto, sai na tarar da ambulan a cikin aljihun teburina. Na buɗe, na ƙirga, ya fi albashina na wata huɗu.

A lokacin nan mahaifiyata tana kwance, likita ya rubuta magungunan da ban iya saye ba, ƙanwata kuma an koro ta daga makaranta saboda kuɗin zango. Ba zan ɓoye muku ba, ambulan ɗin nan ya kwana uku a hannuna. Har addu'a na yi a kansa, ina neman in mai da shi amsar roƙona, ina cewa ai Allah yana da hanyoyi da yawa na ciyar da bayinsa. Zuciya ba ta rasa hujja in tana son abu. A rana ta uku wani tsohon akawu na ofishinmu, Musulmi ne, saura masa 'yan watanni ya yi ritaya, ya lura da yadda na faɗa, ya ja ni gefe bayan ya dawo daga sallar azahar. Ban gaya masa kome ba, amma wanda ya shekara talatin a ofis ba ya bukatar a gaya masa. Ya ce, "Yaro, na ga kana karanta littafinku kowace safiya kafin ka buɗe fayil. In abin da yake ciki gaskiya ne a wurinka, to, rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Naka ba zai wuce ka ba." Na ce, "Na gode, Baba." Kunya ta rufe ni, domin wanda ba ya bin addinina shi ne ya tuna mini da abin da addinina ya koya mini.

Kashegari na mayar da ambulan, na rubuta abin da idona ya gani. A nan ne masu ba da shaida a coci sukan ce sai ga ƙarin girma, sai ga mota, sai ga tafiya Turai. Ni ba haka nawa ya kasance ba. Mako uku ba su cika ba aka ba ni takardar canjin wurin aiki zuwa wata ƙaramar hukuma mai nisa, inda mota ke shiga ranar kasuwa kaɗai. An sami wani ya sa hannu, an biya ɗan kwangila. Ƙanwata ta rasa zango guda cur. Maganin mahaifiyata kuwa, matan zumunta na ƙauyenmu ne suka yi karo-karo, wata da kwanon gero, wata da kaza, har aka saya. Ban ci ribar kome ba irin wadda ake ƙirgawa, sai dai tun daga ranar nan ina barci har da minshari.

Bayan wata biyar, direban nan da muka zaga ƙauyuka tare ya kawo kayan aiki inda aka jefa ni, dare ya yi masa, ya kwana a ɗakina. Muna cin tuwo sai ya ajiye loma ya ce, "Yallaɓai, don Allah in tambaye ka. Me ya sa ka mayar da kuɗin nan? Ni aka aiko na kawo su, na san ko nawa ne." Ashe shi ma an yi masa baftisma tun yana saurayi, amma ya shekara goma sha biyu bai taka ƙofar majami'a ba, tun ran da wani dattijon ikilisiya ya cinye masa kuɗin fili ya rantse bai karɓa ba. Daren nan muka kai har carar zakara ta fari muna magana. Na gaya masa yadda na kusa faɗuwa, na gaya masa cewa ba ƙarfin halina ya tsamo ni ba, na ba shi labarin Yesu Almasihu wanda ya mutu domin mayaudara irin dattijon nan da masu raunin zuciya irina. Da zai tafi ya roƙi in ba shi aron Sabon Alkawarina, na bar masa. A jami'a na raba takardun bishara sun fi a ƙirga, amma ban taɓa samun wanda ya saurare ni kamar mutumin nan ba. Halin wani Kirista ne ya kore shi, abin da ya gani a ofis kuma shi ya sa ya sāke buɗe kunne.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai karanta Littafi Mai Tsarki, sai dai mukan tsallake wuraren da suka taɓa aljihunmu. A cikin Linjila ta Luka, sura ta 3, sa'ad da masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi, bai umurce su su bar aikin gwamnati su bi shi jeji ba. Masu haraji ya hana su karɓar abin da ya wuce ƙa'ida, sojoji kuwa ya hana su ƙwace da ƙazafi, ya gargaɗe su su haƙura da albashinsu. Ma'aikatan gwamnatin zamaninsa ke nan, tubansu kuwa a bakin aiki aka ce su nuna shi. Daniyel babban ma'aikaci ne a fādar Sarki Dariyus. Abokan aikinsa da suke ƙyashinsa suka bincike sha'anin mulkin da ke hannunsa ciki da bai, suna neman inda ya ci amana ko ya yi sakaci, suka rasa, har dole suka koma ga addu'arsa suka ɗana masa tarko a can. Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamnan Yahuza bai karɓi abincin da ake ba gwamna ba, domin ya ga talakawa suna cikin wuya, kuma tsoron Allah ya hana shi. Yanzu in aka aiko masu binciken kuɗi ofishinka, ya ɗan'uwana, za su rasa abin kamawa har sai sun koma ga addu'arka?

To, me ke sa mutumin kirki ya miƙa hannu ya karɓa? A ganina tsoro ya fi haɗama yawa. Tsoron kuɗin haya, tsoron ciwo ya shigo gida ba ko kwabo, tsoron a ce ɗan wane ya yi digiri amma har yanzu a ƙasa yake tafiya. Tsoron nan kuwa yana da dalili. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka yi tashin gwauron zabo. A 2024 aka mai da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000, amma duk magidancin da ya shiga kasuwa da kuɗin nan ya san ko kwana nawa suke kaiwa. Ba na jayayya cewa wajibi ne gwamnati ta biya ma'aikaci abin da zai riƙe shi, kuma ya kamata Kirista ya tsaya da ƙungiyar ƙwadago wajen neman haka. Amma tarihi ya nuna albashi kaɗai ba ya wanke zuciya. An yi ƙarin Udoji a 1974, kuɗi ya cika aljihun ma'aikata, cin hanci bai gushe ba. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000. A 1984 aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, har da bulala a layin mota. Tsoron kora da tsoron bulala sukan yi aiki muddin mai bulala yana tsaye. Abin da ke tsare hannun mutum sa'ad da ba kowa a ofis sai shi da ambulan, shi ne ya tabbata akwai Uba a Sama wanda yake ganinsa, wanda kuma ya san bukatarsa tun bai roƙa ba. Wannan ne Yesu ya koyar a Matiyu sura ta 6, inda ya nuna wa almajiransa tsuntsaye da furannin jeji domin ya raba su da alhinin gobe.

Amma a nan akwai rami biyu da ya kamata mu kauce musu. Na fari shi ne mai da dogara ga Allah kamar kwangila, watau ni in yi gaskiya, shi kuma ya biya ni da mota kafin ƙarshen shekara. Wa'azin nan ya yi yawa a zamaninmu, yana kuwa karya matasa, domin ran da suka yi gaskiya aka saka musu da canjin wurin aiki sai su ce Allah ya yaudare su. Allah bai yi mana alkawarin haka ba. Yusufu ya ƙi cin amanar maigidansa Fotifar, ladan da ya fara gani kurkuku ne. Abokan Daniyel uku da aka tsayar a bakin tanderun wuta sun shaida wa Sarki Nebukadnezzar cewa Allahnsu yana da ikon cetonsu, suka ƙara da cewa ko da bai cece su ba, ba za su rusuna wa gunkin ba. Wannan ƙarin da suka yi shi ne ainihin dogara. Wanda ya ce zai yi gaskiya in za ta biya shi, ciniki yake yi, kuma ran da ƙarya ta fi tsoka zai koma gare ta.

Rami na biyu shi ne lalaci da ya ari rigar bangaskiya. Na san ɗalibin da ya kwana yana addu'a ana gobe jarrabawa, alhali tun farkon zango bai leƙa laburare ba, da sakamako ya fito ya ce maƙiya ne. Mahaifina yakan yi addu'ar ruwa da hawaye, amma ban taɓa ganin ruwan fari ya same shi bai yi sharar gona ba. Allah ya ce tashi in taimake ka, in ji masu magana. Manzo Bulus da kansa ya yi sana'ar ɗinkin alfarwa a Koranti tare da Akila da Biriskila, ya kuma tsawata wa masu zaman banza na Tasalonika. Sa'ad da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin wata takwas a 2022, wasu ɗalibai sun zauna suna zagin ƙasa, wasu kuwa sun koyi ɗinki ko gyaran waya ko sun koma gona. Waɗanda suka tashi ɗin nan, a ganina, su ne suka fi nuna sun gaskata cewa lokacinsu a hannun Allah yake, ba a banza yake wucewa ba.

Wani zai ce, "Malam, ashe nufinka mu rufe baki ke nan, mu zama mutanen kirki kawai? Ai Musulmi ma akwai masu gaskiya, har wanda ba ya addinin kome akan samu mai amana." Gaskiya ne, ni ne ma shaida, tun da tsohon akawun nan ya fi ni riƙon amana nesa ba kusa ba. Hali nagari shi kaɗai ba shi ne bishara ba. Bishara labari ne na abin da Allah ya yi cikin Almasihu, labari kuwa sai an faɗa ake jinsa. Da na yi shiru daren da direban nan ya tambaye ni, ko da na ce masa haka aka rene ni, da na saci yabon da ba nawa ba. Abin da nake cewa shi ne akwai abin da ke gaba, akwai na baya. Hali ne yake jawo tambaya, baki kuma ya ba da amsa. Bitrus a wasiƙarsa ta fari, sura ta 3, ya gargaɗi masu bi su zauna da shirin amsa wa mai tambayarsu dalilin begensu, su kuma yi haka da tawali'u da ladabi. Ashe ya ɗauka za a yi tambaya. In ka shekara huɗu a jami'a ko goma a ofis ba wanda ya taɓa tambayarka me ya sa kake haka, to, wataƙila ba su ga wani bambanci ba ne.

Mu duba yadda bishara ta kafu a ƙasar nan tamu. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da nufin shigowa Arewa. A 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida, Bingham ya koma gida ba tare da ko mutum ɗaya ya tuba ba. Da dogararsu kwangila ce, da maganar ta ƙare a nan, amma daga wannan mishan ɗin ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Likita Miller ya zauna a Zariya tun 1905 yana magani yana koyarwa, ya kuma ba da shekaru masu yawa tare da abokan aikinsa wajen fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Daga makarantar mishan ɗin nan, wadda ta koma Wusasa, aka sami Dokta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Mutanen da suka yi wa Musulmi da Kirista hidima ke nan da aikin hannunsu. Amma yawancin aikin, waɗanda ba a rubuta sunansu ba ne suka yi shi: masu bishara da suka ƙaura da iyalinsu zuwa ƙauyen da ba su san kowa ba, suka roƙi gona suka noma abincinsu, malaman firamare, masu ba da magani a ƙananan asibitoci da wuraren jiyyar kutare, da matan zumunta da ke zuwa gaisuwar haihuwa da ta mutuwa. Ƙungiyar ɗalibai ta FCS da aka kafa a Gindiri a 1957, da shirin Sabon Rai Don Kowa na shekarun 1960, duk a kan tunani ɗaya suka tsaya, cewa shaida aikin kowane mai bi ne a inda yake, ba na fasto kaɗai ba. Gādon da aka bar mana ke nan.

Sauran magana ita ce yadda za mu buɗe baki in lokacin ya yi. Mu da muke zaune a Arewa mun san harshe yana iya cinna wutar da ruwan kogi ba ya kashewa. Rikicin watan Maris na 1987 a wurin taron wa'azin ɗalibai ya faro, a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, kafin 'yan kwanaki ya kai Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka yi hasarar rayuka, aka ƙone wuraren ibada. Ba na zaman shari'ar wanda ya fara, abin da nake so mu riƙe shi ne daga cikin ɗalibai wutar ta tashi. Ɗan'uwana, kana iya faɗin abin da ka gaskata game da Almasihu sarai, ba ragi, ba tare da ka taɓa abin da maƙwabcinka yake girmamawa ba. Wanda ya fita neman ya ka da abokinsa a gardama, ko ya yi nasara ya yi hasarar abokin. Kuma kada mu manta cewa wanda muke wa magana mutum ne mai daraja a gaban Allah, wani lokaci ma shi ne zai koya mana abin da muke wa'azinsa. A watan Yuni na 2018, a ƙauyen Nghar na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da 200, yawancinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a gaban mahara ya ƙi ba da su. Fasto James Wuye da ya rasa hannunsa a rikicin 1992, da Liman Muhammad Ashafa da ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin nan, sun haɗu a 1995 suka kama aikin sulhu tare a Kaduna, ba wanda ya bar addininsa. Duk Kiristan da ya san labarun nan, ya kamata ya riƙa auna maganarsa kafin ya sake ta.

Saboda haka, ga abin da nake roƙon ɗalibi ya fara tun yau, kada ya jira sai ya kama aiki, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kada ka sa wa abokinka hannu a takardar halartar lacca alhali yana ɗaki yana barci. In an ba ka riƙon kuɗin ƙungiya, ka kawo lissafi har na kwabo tun ba a tambaye ka ba. In ka ci bashin mai shayi, ka biya. Ka rage ƙarar waƙarka in abokin ɗakinka yana salla ko karatu. Kai kuma ƙaramin ma'aikaci, ka zo aiki a kan lokaci ko da shugabanka sai azahar yake zuwa. Fayil ɗin tsohon da ya zo neman fanshonsa daga ƙauye, ka fito masa da shi ba sai ya ba da goro ba, ka kuma ba shi kujera ya zauna. Ka nemi abokai biyu ko uku masu tsoron Allah da za ka iya gaya musu in ambulan ya kwana a hannunka, domin ni da na yi shiru da nawa saura ƙiris in hallaka. Ikilisiya kuma ta san cewa in ɗanta ya rasa wani abu saboda gaskiya, nauyinsa a kanta yake, kamar yadda matan ƙauyenmu suka ɗauki nawa. Ba daidai ba ne mu riƙa zaunar da ɓarawon gwamnati a kujerar gaba saboda yawan baikonsa, sa'an nan mu ce wa matasa su yi gaskiya.

Da na je gida hutun Kirsimati na shekarar nan da aka canja mini wurin aiki, na zauna na ba mahaifina labari duka, ina tsoron zai ce na yi wauta, tun da gidan ne ya sha wuyar abin. Ya saurara har na gama, ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "To, madalla. Gobe da sassafe ka zo mu je mu ɗebo dawa, kada tururuwa ta riga mu." Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan maganar ba, ni ma ban nemi ƙari ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar dogara gare shi a ranar samu da ranar rashi, ya kuma sa in an duba kunyarmu a tarar da ita a miƙe.